Kura Ta Koma Cin Karas

Na-Gwaggo, Sarkin Fawan Bronx, Tumbi mai riga ubangidansa shiga ɗaki, ina gaisuwa, ina kuma jaje. Labari ya iso gida tun kafin ka gama ɓoye shi: likita ya raba ka da kitse. An ce da ya karanta maka sakamakon gwajin jini, ba ka tambayi magani ba, ba ka tambayi ranar komawa asibiti ba. Tambayarka ɗaya ce, wai ko ganda ma tana cikin lissafi. Gwaggo ta yi salati, ni kuwa na yi dariya har da riƙe ciki. Allah ya ba ka lafiya dai, kuma da gaske nake, don in ka kwanta wa zan riƙa tsokana?

Sai kuma ga ƙarar da ka kawo min. Ka ce tsohuwar nan Bayahudiya da ke hawa na uku a gidanku ta ji halin da kake ciki, ta aiko maka da wani abincinsu mai suna kishke, irin wanda babu nama a ciki. Ka cinye. Ka suɗe farantin. Ka aika yaro ya tambayo ko da saura. Sai da ciki ya ɗauka sannan ka tuna kai mutum ne mai aƙida, ka ɗauki waya kana ta faɗa, wai an yaudare ka, wai abincin hanji ba hanji cin amana ne. Ciki mai manta kyauta! Gyara zama in karanta maka, tunda duk zamanka a Amurka ba abin da ka karanta sai farashin cinyar rago.

Kishke abincin Yahudawan gabashin Turai ne, mutanen Folan da Lituweniya da Yukren da yammacin Rasha, waɗanda ake kira Ashkenazi. Yawancinsu talakawa ne mazauna ƙananan garuruwa, teloli da masu gyaran takalma da 'yan tireda, a ƙasar da sanyinta ke daskarar da kogi. Nama a wurinsu abin ranar Asabar ne da ranakun idi. In mahauci ya yanka saniya, mai kuɗi ya kwashi tsoka, matar talaka ta sayi hanji. Ta kai gida ta juya shi, ciki ya koma waje, ta kankare da bayan wuƙa, ta cuɗa da gishiri, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, har ƙarni ya fita. Sannan ta kwaɓa fulawa da narkakken kitse da albasa da gishiri da masoro. Ta ɗinke baki ɗaya da zare da allura, ta ɗura kwaɓin, ta bar ɗan sarari don zai kumbura a wuta, ta ɗinke ɗaya bakin. In hanjin ma ya gagara, sai ta zare fatar wuyan kaza ta ɗura a ciki ta ɗinke, wannan shi suke kira helzel.

To, Tumbi, bi lissafin nan da yatsa ka nuna min inda tsokar take. Fulawa, kitse, albasa. Shi ke nan fa. Hanjin jaka ce kawai aka ara. Dabarar uwa ce mai 'ya'ya da yawa da tukunya ɗaya: yadda za ta sa gari ya ɗauki ɗanɗanon nama, kowane yaro ya tashi yana ganin ya ci daɗi. Abin da aka cire maka shi ne jakar, da kuma kitsen da aka musanya da mai. A kan haka ka cinye min data da kuka. Amma ban ga laifinka sosai ba, mutumin da tun yana ɗan yaye yake gane gidan da aka yi yanka daga bakin unguwa, dole rabuwar ta yi masa zafi.

Kada ka ɗauka don talauci suke zuba duk abin da suka samu. Maƙwabtansu Kiristocin Folan suna da nasu ɗurin hanjin, kaszanka, wanda ake yi da jinin alade da tsaba. Bayahude ba ya kusantar ko ɗaya daga ciki, alade haram, jini haram. Naman da aka yanka bisa ƙa'ida ma sai an jiƙa shi rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri ya yi awa guda, a wanke sau uku, don jinin ya fita. Kitse ma ba kowanne ba. Wanda ya lulluɓe ƙoda da tumbin saniya da tunkiya haramun ne gare su, kuma suratul An'ami ta taɓo haramcin kitse a kansu a aya ta 146. Na san ba ka kai can ba. A izu biyar aka baro ka, ranar da aka yi walima a gidan malam ka bi ƙamshi, allonka har yau yana jira. Saboda wannan hanin ne suka fi dogara da man kaza, su yanyanka fata da kitse su narka da albasa a ƙaramar wuta. Shi ake kira schmaltz, kuma shi ne ran tsohon kishke.

Inda kishke yake samun albarkarsa kuwa, a tukunyar Asabar ne. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, Bayahude mai kiyaye addini ba ya kunna wuta, ba ya girki. Amma ana so a ci abinci mai zafi da rana bayan an dawo daga wurin ibada. Sai suka fito da cholent: wake, sha'ir, dankalin turawa, albasa, ɗan nama ko ƙashi in an samu, a ɗora tun Juma'a kafin rana ta faɗi, a kwantar da kishke a sama. A garuruwansu na da, kowane gida yakan kai tukunyarsa gidan burodi, a liƙe murfi da kwaɓaɓɓen gari, a jera a cikin tandar da ta gama gashi tana hucewa a hankali. Washegari da rana yara su je su ɗauko. Yau tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali ake amfani da ita, ko a shimfiɗa farantin ƙarfe a kan murhu a bar wuta ƙasa-ƙasa. Awa 18 ko fiye abin yana turaruwa, romon wake da albasa yana ratsa kishke har ya yi ja ya yi laushi. Kuma a Asabar ba a sa ludayi a juya tukunya tana kan wuta.

Ka ji ko? Awa 18, ba a juyawa, ba a ɗanɗanawa. Kai da Gwaggo ke ɗaure ƙofar kicin da igiya saboda kai. Da a can aka haife ka, da mai gidan burodi ya ɗauki mai gadi na musamman. Mai haƙuri yakan dafa dutse, su sun dafa fulawa ta zama abin marmari, kai ko ruwan shayi ba ka bari ya tafasa.

Yadda abin ya zo har ƙofar ɗakinka kuma, tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa sama da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da hare-haren da ake kai musu. Da yawa suka sauka a Niyok, a unguwar Lower East Side, inda gidan abincin Katz's yake har yanzu. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco, man angurya da aka daskarar ya yi fari. Wannan ya zo wa matan Yahudawa daidai, saboda dokarsu ta hana haɗa nama da nono a girki ɗaya, har tukwane da cokula daban-daban ake ajiyewa, kuma mutanen gabashin Turai sukan jira awa 6 bayan cin nama kafin su taɓa madara. Kai kuwa tsinken tsire yana hannun dama, kofin shayi da madara yana hagu. Man tsiro ba nama ba ne, ba nono ba ne, yana cikin rukunin da suke kira pareve, mai shiga ko'ina. Kamfanin ya gane kasuwa, a 1933 ya buga littafin girki da Yidish da Turanci musamman don matan Yahudawa. Daga nan man kaza ya fara ja da baya. Hanjin ma haka. Wace ce za ta tsaya kankarar hanji a ɗan tsukin kicin na haya bayan ta wuni a kan keken ɗinki? Yawancin kishken da ake sayarwa a shagunansu yau a rigar roba yake, ɓarewa ake yi a zubar. Hanjin da kake wa zaman makoki, jikokin masu shi ma sun daɗe da sallamarsa.

Kada kuma ka ce ai bidi'ar 'yan zamani ce masu gudun ƙiba. A 1938, a birnin Vilna, wanda yanzu shi ne Vilnius babban birnin Lituweniya, wata mata mai suna Fania Lewando ta buga littafin girki da Yidish mai ɗauke da girke-girke 400, babu nama ko ɗaya, har da cholent da kishke. Tana da gidan abinci na marasa cin nama, kuma mai zanen nan Marc Chagall yana cikin waɗanda suka sa hannu a littafin baƙinta. A nan zan ajiye wasa kaɗan. Ita da mijinta sun ɓace a 1941 cikin yaƙin duniya na biyu, yaƙin da ya shafe kusan dukkan Yahudawan Vilna. Littafin ya tsira, aka fassara shi zuwa Turanci a 2015. Yankan da ka haɗiye ba tauna yana da tarihi a bayansa, ka riƙa ci da ladabi.

Akwai kuma Isaac Bashevis Singer, marubucin Yidish ɗan asalin Folan da ya zauna a Niyok ɗinku, ya ci kyautar Nobel a 1978. Ya bar cin nama shekaru da dama kafin rasuwarsa. An ruwaito cewa in aka tambaye shi ko don lafiyarsa ya bari, yakan amsa cewa don lafiyar kaji ne. Kai sai da aka kai ga allura da takardar gwaji. Kajin Bronx dai sun ji labarinka, an ce suna ta yi wa juna barka.

Mu zo kan gwajin da ka yi da kanka, wanda matarka Hajiya ta ba ni rahotonsa kana wanka. Ka jefa karas da albasa a injin markaɗe ka danna har suka zama ruwa. Ka ga kwaɓin ya yi ruwa, ka ƙara fulawa. Ya yi tauri, ka ƙara ruwa. Ka tuna maganar likita, ka ɗiga mai cokali ɗaya kana karkarwa. Ka tuna kai ɗan gidan Gwaggo ne, ka juye rabin kwalbar yajin da aka aiko maka. Ka naɗe sako-sako, ka ƙure wuta don ya yi sauri, ka buɗe sau huɗu kana leƙe, ka yanka da zafinsa. Hajiya ta ce waje ya ƙone, ciki ɗanye, yara suka ce sun ƙoshi tun a makaranta. Amma ta yaba maka a kan abu ɗaya, ka cinye kayanka kai kaɗai ba ka bar wa kowa wahala ba. Wannan jarumta ce, ban hana ka ba.

Ga yadda ake yi, ka sa Hajiya ta karanta maka a hankali. Babbar albasa 1, karas 2, sandar seleri 2. Ka raba albasar biyu. Rabi ka yanka ƙanana ka soya a cikin rabin kofin man gyada ko wani man tsiro, a ƙaramar wuta, kana juyawa har ta yi ja ta yi zaƙi, minti 20 ko fiye. Kada ka tsallake wannan, don a nan ɗanɗanon man kaza yake ɓuya. Tsohon schmaltz ma da albasa ake narka shi, rabin abin da harshe ke kira nama ƙamshin soyayyar albasa ne. Sauran rabin albasar da karas da seleri ka goge su a abin goga, ko ka ɗan bubbuga su a inji su yi ƙanana amma kada su zama kunu. Ka haɗa duka da man da ka yi suya, ka zuba fulawa kofi ɗaya da rabi, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin tattasai marar zafi babban cokali ɗaya, ɗan masoro, tafarnuwa in kana so. Tattasan nan da karas su ke ba shi jan launinsa. Ka juya da cokali har ya haɗe. Ana so ya yi danƙo, yana ɗan kama hannu amma yana tsayawa in an mulmula. Ruwan kayan lambun ya isa, ba a ƙara wani.

Ka raba biyu, ka mulmula kowanne ya yi tsawo, kaurinsa ya kai wuyan hannu. Na Hajiya nake nufi, ba naka ba. Ka naɗe da takardar gashi, ka ƙara naɗewa da takardar alminiyam, ka murɗe baki biyu tamau. In kana son ka gane aikin naɗin, tuna alala: ganye ko gwangwani ba a cinsa, riƙe ƙullu yake yi har wuta ta ɗaure shi, kuma ba wanda ya taɓa kukan an ba shi alala ba ganye. Ka sa a obin mai zafin digiri 180, wanda murhun Amurka ke rubutawa 350, ya yi awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata, ka juya shi sau ɗaya a tsakani. Sannan ka fito da shi ka bar shi ya huce sarai. Na ce sarai. In da hali ya kwana a firiji, kai kuma ka kwana a wani ɗakin. Da safe ka yanka shi fale-fale da ɗan kauri, ka ɗan gasa a kasko har gefe ya yi ƙamas-ƙamas. In kuma kana son asalin abin, ka haɗa tukunyar wake da sha'ir da dankali da soyayyar albasa, ka kwantar da naɗin a sama da takardar gashinsa, ka huhhuda ta da cokali mai yatsu don romo ya shiga, ka rage wuta, ka rufe, ka ba Hajiya mukullin kicin.

Ban da man shanu, in kana son ka bi ƙa'idar masu abin. Su da man tsiro suke yi, don ya iya shiga tukunyar nama ba tare da an karya doka ba. A lokacin idinsu na Pesach, kwana 8 a wajen Isra'ila, 7 a cikinta, ba sa cin abin da ya kumbura, sai su ajiye fulawa su yi da garin matza, busasshiyar gurasar nan da ake kwaɓawa a gasa cikin minti 18. Wasu matan Amurka kuma biskit mai gishiri suke dakawa a madadin fulawa. Na faɗa maka ne don ilimi. Na san ka, biskit ɗin ba zai kai turmi ba.

Wani hanzari. Don an ce babu nama, ba a ce magani ba ne. Fulawa ce da mai rabin kofi. An yi shi ne don a yanka wa mutum goma, kowa yanka ɗaya ko biyu a gefen wake. Ba a yi shi don ƙato ɗaya ya riƙe sanda guda yana gutsura a cikin mota yana jiran fasinja ba. In ka yi haka, kada ka ce wa likita taubashinka ne ya koya maka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba.

Farantin baiwar Allahn nan kuma, Hajiya ta ce har yanzu yana kicin ɗinku, wai kana jiran ka ƙware ka mayar mata da naka kishken. Rufa wa kanka asiri. In mai kiyaye dokar abinci ce, ba za ta ci abin da aka dafa a tukunyarka ba, ba don ƙyama ba, don tukunyar ta sha nama da madara a haɗe. Za ta karɓa ta yi godiya, kai kuma ka ɗauka ka burge. Sayi lemo da tuffa masu kyau, ɗanyu ba a yanka ba, ka cika farantin ka kai mata da kanka, kuma kada ka danna mata ƙararrawa ranar Asabar. Na san fitar da kuɗi daga aljihunka sai an yi addu'a, amma gidanmu ba a mayar da kwano ba komai, ko da yake kai ta wajen uba ka ɗauko hali.

Cika-ciki na nan tafe, bana kuma ban san da me za ka cika naka ba. Maganar kuɗin shara, ko ni ke binka ko kai ke bina, dattawan gida sun saɓa, amma tunda kuɗin naman da kake ci duk wata yanzu ba su da aikin yi, hukunci ya faɗa kanka. Ka aiko da dala, ban karɓar karas. In kana da bakin ramawa, fili naka ne mako mai zuwa, sai dai ka rubuta da kanka. Na san hausar Hajiya, ta fi taka tsabta, kuma ba ta barin maiƙo a takarda.